Bayani kan motocin lantarki masu inji biyu

Tun bayan da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, batun motoci masu amfani da wutar lantarki ya daɗa samun masu sauraro a ƙasar.

Litar man da ake saye a kan ƙasa da naira 200 kafin wannan rana ta zarce naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta haura naira 1,000 a sassa da dama.

A duniya baki ɗaya dai, hukumar makamashi ta ƙasa da ƙasa ta ce an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17 a shekarar 2024, idan aka haɗa da masu aiki da fetur da lantarki waɗanda ake yi wa caji. Fiye da rabinsu an sayar da su ne a ƙasar Sin.

Da yawa daga cikin manyan motocin wannan rukuni suna ɗauke da injin lantarki biyu maimakon ɗaya, wasu ma uku ko huɗu. Masu ƙera su na cewa hakan ya fi riƙe mota a kan hanya, musamman a cikin taɓo da yashi da kuma wurin shan kwana.

Wannan magana ce da ta shafi yankuna irin su Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi a arewacin jihar Zamfara, inda da zarar an sauka daga kwalta sai a shiga rairayi da rani, da laka da damina.

Mene ne inji biyu?

A motar fetur, inji ɗaya ne ke samar da ƙarfi. Daga nan ƙarfin ya bi ta akwatin giya, ya isa ƙafafun gaba ko na baya.

Idan ana son motar ta ja da ƙafa huɗu, kamar Hilux ko Land Cruiser, sai an ƙara wani akwatin giya mai raba ƙarfi, da dogon ƙarfen furofela da ke bi ta ƙarƙashin mota daga gaba zuwa baya.

Injin lantarki kuwa ƙarami ne idan aka kwatanta da na fetur, kuma wayoyi kawai yake buƙata daga batir. Saboda haka sai masu ƙera motoci suka ga ya fi sauƙi a sa inji guda tsakanin ƙafafun gaba, a sa wani tsakanin na baya.

Babu wani ƙarfe da ya haɗa injunan biyu. Kwamfutar da ke cikin motar ce ke yanke shawarar yawan wutar da za a ba kowanensu, gwargwadon yadda direba ya taka totur da kuma yadda tayoyi suka kama ƙasa.

Injin lantarki na da siffofi biyu da suka sa wannan tsari ya yi tasiri. Na farko, yana ba da cikakken ƙarfin juyinsa tun daga tsaye, ba sai ya ɗauki wuta ba. Na biyu, yana amsa umarni cikin ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa, alhali injin fetur sai ya jira iska da mai sun shiga sun ƙone.

Matsalar shan kwana

Domin a fahimci rabon ƙarfin juyi tsakanin ƙafafun mota, sai an fara duba abin da ke faruwa idan mota ta karya kwana.

Tayar da ke waje tana cin tafiya fiye da wadda ke ciki. Idan tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama mita ɗaya da rabi ce, kuma motar ta karya cikakkiyar kwana daga gabas ta fuskanci arewa, to tayar waje za ta fi ta ciki tafiya da kusan mita biyu da rabi.

Da a ce ƙarfe ɗaya ne ya ɗaure tayoyin biyu, da ɗaya daga cikinsu ta riƙa gurzar ƙasa a kowace kwana. Wannan ne ya sa ake saka wata curin giya a tsakiyar aksul, wadda ake kira difarenshiyal, domin ta bar kowace taya ta juya da saurin da ya dace da ita.

To sai dai wannan na'ura tana da wani rauni da duk direban da ya taɓa kafewa ya sani. Tana ba tayoyin biyu ƙarfin juyi daidai wa daida. Idan ɗaya ta faɗa cikin laka ta rasa abin kamawa, ƙarfi kaɗan ya isa ya juya ta, kuma wannan ɗan ƙarfin shi ne abin da ɗaya tayar da ke kan busasshiyar ƙasa za ta samu.

Sakamakon shi ne taya ɗaya na ta wulwulawa tana watsa taɓo, ɗayar na tsaye, mota kuma ba ta motsa ba.

Yadda ake raba ƙarfin juyi

Rabon ƙarfin juyi na nufin a ba kowace ƙafa ƙarfin da take buƙata a daidai wannan lokaci, ko da ya bambanta da na 'yar uwarta.

Mai tura kurar ruwa ya san wannan dabara ba tare da ya karanta ta ba. Kura ba ta da sitiyari. Idan yana son ta juya hagu, sai ya ƙara ƙarfi a hannun dama, ya sassauta na hagu.

Haka abin yake a mota. Idan aka ƙara wa tayar waje ƙarfi a cikin kwana, aka rage wa ta ciki, motar za ta karkata zuwa inda direba ya nufa, ƙari a kan aikin sitiyari.

Kwamfutar motar na samun bayanai daga na'urori da dama. Akwai masu auna saurin kowace taya, da mai auna yawan murɗa sitiyari, da kuma mai auna yadda jikin motar ke juyawa a zahiri. Tana kwatanta abin da direba ya nema da abin da motar ke yi, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda.

Idan direba ya karya sitiyari amma motar ta nemi ta miƙe ta bar hanya, sai a ƙara ƙarfi ga tayar baya ta waje, a tilasta mata bin kwanar. Idan kuma bayan motar ne ya fara zamewa yana neman juyowa gaba, sai a yi akasin haka.

Hanyoyi uku ake bi wajen cim ma wannan. Hanya mafi arha ita ce ta birki: kwamfuta ta ɗan kama birkin tayar ciki ita kaɗai. Wannan ya samo asali ne daga na'urar hana zamewa da kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fito da ita a shekarar 1995. Aibinta shi ne tana ɓarnar ƙarfi, tana kuma cin birki.

Hanya ta biyu ita ce a saka kuloci a kowane gefe na aksul, wanda kwamfuta ke matsewa ko sakewa. Kamfanin Mitsubishi na Japan ya yi amfani da irin wannan a motarsa Lancer Evolution ta shekarar 1996, Honda kuma ya fito da nasa tsarin mai ja da ƙafa huɗu a 2004.

Hanya ta uku, wadda motocin lantarki suka sauƙaƙa, ita ce a ba kowace taya injinta. A nan ba a buƙatar difarenshiyal sam, domin kowane inji na iya ƙara gudu, ko ya rage, ko ma ya juya da baya.

Inji biyu ba ƙafa huɗu masu 'yanci ba ne

A nan ne masu sayen mota ke yawan ruɗewa. Mafi yawan motocin da aka rubuta wa inji biyu a jiki, ɗaya na gaba ne ɗaya na baya. Abin da suke iya rabawa da wutar lantarki shi ne ƙarfi tsakanin gaba da baya kawai.

Tsakanin hagu da dama kuwa, har yanzu akwai difarenshiyal a kowane aksul, kuma birki ne ke yin aikin hana taya ɗaya wulwulawa.

Cikakken rabo tsakanin hagu da dama yana samuwa ne a motoci masu inji uku ko huɗu. Audi e-tron S ta shekarar 2020 da Tesla Model S Plaid ta 2021 suna da inji ɗaya a gaba, biyu a baya. Motar a-kori-kura ta Rivian R1T, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 2021, ta fito ne da inji huɗu.

Haka kuma Yangwang U8 ta kamfanin BYD na ƙasar Sin, ta shekarar 2023, da Mercedes G 580 ta 2024, duk suna da inji huɗu. Suna iya juya ƙafafun hagu gaba, na dama baya, har motar ta kewaya a wuri ɗaya kamar tankar yaƙi.

Akwai ma motocin da ke da injin lantarki biyu amma duk ƙafafun gaba suke ja. Misali shi ne Chevrolet Volt ta kamfanin General Motors.

Tarihi

Tunanin ya girmi mafi yawan kamfanonin motoci na yau. A baje kolin duniya da aka yi a birnin Paris a shekarar 1900, wani matashin injiniya mai suna Ferdinand Porsche ya nuna motar Lohner-Porsche, mai injin lantarki a cikin kowace ƙafar gaba. A wannan shekarar aka ƙera wata mai inji a dukkan ƙafafu huɗu. Nauyin batir na wancan zamani ne ya hana ta yaɗuwa.

A nahiyar Afirka ma an gwada inji biyu. Daga shekarar 1960 kamfanin Citroën na Faransa ya ƙera wata ƙaramar mota mai suna 2CV Sahara, da injin fetur ɗaya a gaba ɗaya a baya, domin tafiya cikin yashi. Ƙasa da guda 700 aka yi.

Motar da 'yan sama-jannatin Amurka suka tuƙa a duniyar wata a shekarar 1971 ita ma tana da ƙaramin injin lantarki a kowace ƙafa.

Mutanen Ƙauran Namoda, inda layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a shekarar 1929, sun daɗe da ganin wani nau'i na wannan fasaha. Kawunan jiragen ƙasa masu dizal da aka fara shigowa da su Najeriya a tsakiyar shekarun 1950, injin dizal ɗinsu janareta yake juyawa. Wutar da aka samu ita ke tafiya zuwa injunan lantarki da dama da ke ƙasa, su kuma su juya ƙafafun jirgin.

A zamanin nan, kamfanin Toyota ya saka injin lantarki daban a ƙafafun baya na motarsa Estima mai fetur da lantarki a shekarar 2001, sannan ya yi haka a Lexus RX 400h da Highlander daga 2005. Sai kuma a watan Oktoban 2014 kamfanin Tesla na Amurka ya gabatar da Model S mai inji biyu, wadda ta sa tsarin ya shahara.

Amfani da kuma tsada

Amfani na farko shi ne riƙo. Idan ƙafafun gaba suka shiga santsi, nan take ƙarfi zai koma baya, ba tare da direba ya tsaya ya sauya giya ba.

Na biyu shi ne saurin tashi. Nau'in Tesla mafi ƙarfi na shekarar 2014 yana kai gudun kilomita 100 cikin sa'a a ƙasa da daƙiƙa huɗu daga tsaye.

Na uku shi ne maido da wuta. Idan direba ya saki totur, injin lantarki na komawa janareta, ya rage gudun mota yana mayar da wuta cikin batir. Mai inji biyu na yin haka da ƙafafu huɗu.

A ɗaya ɓangaren kuma, inji na biyu ƙarin nauyi ne da ƙarin kuɗi. A mafi yawan motoci, mai inji biyu ba ya kai mai inji ɗaya nisan zango a kan caji guda, ko da yake Model S ta farko mai inji biyu ta ɗan fi takwararta mai inji ɗaya.

Kamfanoni na bin dabaru don rage wannan asara. Inji mai maganaɗisu na dindindin ya fi tattalin wuta, amma yana jan mota baya ko da an yanke masa wuta. Saboda haka Tesla ya sa irinsa a bayan Model 3, ya sa wani nau'in maras maganaɗisu a gaba, wanda ake iya bari ya juya a sake. Hyundai kuwa ya sa kuloci mai raba injin gaba da ƙafafu a motarsa Ioniq 5 idan ana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya.

Nauyi da ƙarfin tashi suna kuma cin taya da wuri. Mercedes G 580 ta kai nauyin tan uku.

Halin da ake ciki a arewa maso yamma

Babban matakin farko da hukumomi suka ɗauka a wannan yanki ya faru ne a Sakkwato. A watan Afrilun 2021 hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, NADDC, ta buɗe tashar cajin motoci mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Daga baya ta buɗe irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka.

Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya yi aiki da General Motors a Amurka, kuma ya yi suna da zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna a shekarar 2007. Ya shugabanci hukumar daga 2017 zuwa 2023.

Motar da aka yi ta nunawa a wancan lokaci ita ce Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, aka ƙaddamar da ita a watan Nuwamban 2020. Inji ɗaya gare ta mai jan ƙafafun gaba, kuma bisa alƙaluman kamfanin tana tafiyar fiye da kilomita 400 a kan caji guda.

Ta fuskar nisa kawai, wannan ya isa. Tsakanin Gusau da Ƙauran Namoda kimanin kilomita 60 ne, kuma daga Ƙaura hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi Shinkafi ta nufi Isa a jihar Sakkwato, ɗaya ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya a jihar Katsina.

Inda inji biyu zai nuna bambanci shi ne hanyoyin ƙauyuka da ke kai amfanin gona zuwa kasuwanni irin ta Shinkafi, da kuma mashigan koguna irin su Gagare da Bunsuru, waɗanda ke cika da damina su koma yashi da rani.

A yankin da ya shafe shekaru yana fama da hare-haren 'yan bindiga a kan hanya, kafewar mota a daji na iya zama batun rai da mutuwa ga direba da fasinjoji, haka ma ƙarewar caji.

Abin da fasahar ba ta iyawa

Rabon ƙarfin juyi yana amfani ne da riƙon da taya ta samu, ba ya ƙirƙiro riƙon da babu. Idan tayoyi huɗu sun siɗe, ko duk sun nutse a laka, kwamfuta ba ta da abin da za ta raba.

Haka nan ba ya ƙara wa mota tsawo. Batirin motar lantarki a ƙarƙashin daɓen motar yake, kuma shi ne abu mafi tsada a jikinta. Mota mai inji biyu da aka ƙera don titunan Turai za ta iya dukan dutse da cikinta a hanyar da tsohuwar Hilux za ta wuce lafiya.

A cikin yashi mai zurfi, nauyi abokin gaba ne. Tsohuwar dabarar direbobin hamada ta rage iskar taya tana nan da amfaninta.

Sai kuma zafi. A watannin Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a arewacin Zamfara kan haura digiri 40. Zafi na gaggauta tsufan batir, kuma idan inji ko batir ya ɗumama da yawa, kwamfuta na rage ƙarfin motar da kanta domin kare su.

Wuta da kanikawa

Babban ƙalubale shi ne caji. Jihar Zamfara na cikin yankin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi. Batirin Kona na ɗaukar kilowat-awa 64, na manyan motoci masu inji huɗu kuma ya haura 100. Cika irin wannan daga soket na gida yana iya ɗaukar fiye da kwana guda, ko da wuta ba ta ɗauke ba.

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce motar lantarki na isar da fiye da kashi 77 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa ƙafafu, yayin da motar fetur ke isar da kashi 12 zuwa 30 na ƙarfin da ke cikin mai. Amma idan da janaretan fetur aka yi cajin, yawancin wannan riba ta zube. Tashar Sakkwato dai ta dogara ne da hasken rana.

Ta fuskar gyara, motar lantarki ba ta da fulogi ko salansa, ba a kuma yi mata juyen baƙin mai irin na injin fetur. Amma wutar da ke yawo a cikinta ta kai bolt 400, a wasu ma 800, wadda ke iya kashe mutum nan take. Wayoyin da ke ɗauke da ita akan yi musu launin ruwan lemo domin gargaɗi.

Matsalar rabon ƙarfi kuma sau da yawa daga na'urorin awo ko manhajar kwamfuta take, kuma gano ta na buƙatar na'urar bincike da horo na musamman. A nan ne makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a shekarar 1983, ke da rawar da za su taka.

Ga mai niyyar saye, abubuwan dubawa su ne adadin injuna da wuraren da suke, da tsawon motar daga ƙasa, da kariyar da aka yi wa batir, da lafiyar batirin idan motar ta hannu ce, da kuma inda za a samu caji da kayan gyara. Mai zirga-zirga a kan kwalta tsakanin Gusau da Ƙaura, inji ɗaya ya wadace shi. Mai shiga ƙauyuka da damina ne zai ga amfanin na biyu.